Wai Dutse Ba Ya Magana?

Na ga ka taɓe baki tun kafin in fara. Ka ce sassaƙar dutse ai aikin ƙatti ne, guduma da ƙwanji, a yi ta bugu har wani abu ya fito? To bismilla, ga guduma. Je ka Tengenenge a arewacin Zimbabuwe ka gwada ƙwanjin naka, mu ga ko za ka dawo da abin da ya wuce tsakuwa.

A da, wurin gonar taba ce ta wani Bature, Tom Blomefield. Da takunkumin da aka sa wa ƙasar ya karya kasuwar taba, a 1966 leburorinsa, 'yan ƙasa da 'yan cirani daga Malawi da Mozambik da Angola, suka koma sassaƙar duwatsun da ke gefen gonar. Cikin waɗanda suka yi suna a can akwai Henry Munyaradzi, wanda bai yi boko ba. A zamaninsa, shi ba ya tilasta wa dutse: siffar da ya tarar yake bi, ya ɗan fito da ido da hanci, ya bar sauran yadda Allah ya yi shi.

Ka ce dutse ba ya magana? Kai ne dai ba ka jin yarensa, malam. Masassaƙi yakan ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. In ƙarar ta fito garau, lafiya lau. In ta fito a dushe, akwai tsaga a ciki. Yana da jijiyoyi, yana da inda yake yarda da inda yake ƙi. Ka yi masa gardama, bugu ɗaya ya rabe biyu, aikin wata guda ya tafi, kuma ba a ɗinke dutse. Shi ya sa da yawansu ba sa zana komai a takarda, sai su yi ta juya shi suna kallo har ya nuna abin da ke cikinsa.

Af, na san inda za ka ɓullo: Turawa ne suka koya musu. Haba! Wani Bature, Frank McEwen, ya ba su kurfi da kasuwa, ya kai aikinsu gidan tarihin Rodin a Paris a 1971, ban musa ba. Amma tsuntsaye takwas na dutse da aka samu a kufan Babbar Zimbabuwe fa? Ɗaruruwan shekaru suka yi a tsaye kafin Bature ya san hanya, ɗayansu ne ma ke kan tutar ƙasar.

Saura abin da zai ƙona maka rai. Kullum kana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, alhali ko ƙwai ba ka iya jira ya dahu. Su kuwa da gaske suke yi. In an gama da kurfi da magagari, an goge da samfefa da ruwa, sai a gasa dutsen a wuta, a shafa masa kaki yana da zafi. Ya shanye, ya huce, a murje shi da tsumma, sai ga baƙi ko kore yana sheƙi.

Ka ce ina romon? Tambayi dillalan da ke lodinsu zuwa Turai da Amurka, su suka riga ka kai kwano.