Tsiren da Ba Ya Ganin Wuta

Hukumar birnin Paris ta hana hura wuta a lambunanta, daga Buttes-Chaumont har dajin Vincennes. Shi ya sa idan zafin Yuli ya kankama, 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka baje tabarmi a ciyawa, tsiren da ake ci na kankana ne da abarba da inabi da malo. Aikin bai kai a kira shi girki ba, amma yana tona hali.

Hajiya mai cefane ke fara isowa daga kasuwar Dejean ta Château Rouge, kwando a hannu, lissafi a baki. Ta tsufa a Faransa, amma har gobe sai ta juya yuro zuwa sefa, ɗaya a 655 da 'yan kai. "Malo guda jaka biyu! A Maraɗi sai an kama mini kaya." Mangwaro kuwa ta latsa shi, ta sansana, ta yanke masa hukuncin cewa a jirgin ruwa ya nuna. Kuma gaskiyarta.

Wuƙa tana hannun Injiniya, ɗalibin da ke karatu a Villeurbanne. Kowane yanka sai ya yi daidai da ɗan'uwansa, kuma jerin sai ya fitar da tutar Nijar: malo a sama, ayaba a tsakiya, kiwi a ƙasa. Ya san ayaba da tuffa suna baƙi idan iska ta taɓa su, ya san ruwan lemun tsami ne maganinsu, kuma sai ya yi wa kowa wannan lacca. Kafin ya gama tsinke biyar, ayabar ta yi baƙin, rina sun sami labari. A gefensa akwai mai taya aiki, wadda ke soka ɗaya ta jefa biyu a baki, wai tana duba ko da tsami.

Mutumin Lyon ya shigo jirgin TGV, tafiyar awa biyu, bai riƙo komai ba sai baki. A wurinsa Paris ba ta iya ci ba. Zai ba ka labarin kasuwar Saint-Antoine a bakin kogin Saône, da ceri na Bessenay, da Paul Bocuse, wanda yake ambata kamar kawunsa, ko da yake bai taɓa leƙa gidan abincinsa ba. Ka miƙa masa wuƙa, nan take za a kira shi a waya.

Abin tausayi Baba Alhaji. An ce masa akwai tsire, ya ƙi cin abincin rana, ya zo da ƙullin yajinsa a aljihu. Ya juya tsinken, ya sake juyawa.

"Yarinya, naman fa?"

"Baba, ai na lafiya ne wannan."

"Da na ce miki ba ni da ita?"

Ƙarshenta ya barbaɗa yajin a kan abarba, ya ci tsinke shida, yana ci yana tsaki.

Magariba sai wajen goman dare, don haka ba mai gaggawar tashi. A lokacin ne Anti mai roba ke ɓullowa. Ba ta yanka ba, ba ta soka ba, ta kwashe ragowar tas, wai na yara ne. Yaran suna Damagaram.