Thanos da Layun Sanau

Masoyin littattafan Marvel a Katsina yana da hujjar yin tsaki bayan ya kalli Avengers: Endgame na 2019. Awa uku cur, an tara Iron Man da Thor da Hulk, har da wani beran daji mai bindiga, duk don a kayar da mutum guda, Thanos. Karfin Thanos kuwa duwatsu shida ne a safar hannu, wato dai layu. Su kuma Katsinawa sun dade da sanin maganin mai laya. Labarin gargajiya ya ce Korau, dan kokawa daga 'Yandoto, ya kada Sarki Sanau bayan matar sarkin ta tona asirin layunsa, ya hau gadon sarauta ba tare da ya tara gayya ba.

Za a ce Thanos ya fi Sanau, tunda ya shafe rabin halitta da kyasta yatsa. Gaskiya ne, amma a karshe jaruman ma satar duwatsun suka koma yi, bayan sun sha kashi a fim din baya na 2018. Da an ba Bakatsine aikin, kafin Azahar an tashi.