Masu Fama da In, On da At

Turanci yana da wasu 'yan kalmomi marasa kan gado, yawancinsu ba su wuce harufa biyu ko uku ba: in, on, at, to, of, for, by. Malaman makaranta suna kiran su firifozishan, aikinsu kuwa su tsaya gaban suna su nuna wuri ko lokaci ko dangantaka. Da masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tara kalmomi miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961 suka ƙirga, sai ga of ta zo ta biyu a yawa, to ta huɗu, in ta shida. Ba hanyar kauce musu ke nan. Bahaushe kuwa ya tashi da "a" ɗinsa guda ɗaya tal: a gida, a kasuwa, a mota, a ranar Juma'a, ba wanda ya taɓa tuhumarsa. Ranar da aka ce masa wannan "a" ɗin ta rabu gida uku, ranar ake sanin halinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai neman dalili, don yana da basira, kuma basirar ce ke wahalshe shi. An koya masa in ciki ne, on kuma kai ne, ya haddace tsaf. Aka ce "in a car", ya gyaɗa kai. Aka ce "on a bus", ya ɗaga hannu. "Malam, a kan bas? Saman rufi ke nan?" Malam ya ce abin hawan da mutum zai iya miƙewa ya taka a cikinsa, irin bas da jirgin ƙasa da jirgin sama, shi ke ɗaukar on, ƙaramar mota da tasi kuwa in. Ya yi shiru can, sai ya ce, "To Malam, bas ɗin Kano zuwa Zariya da ake cusa mu ko tari ba ma iya yi, wa ya taɓa miƙewa a cikinta?" Da aka zo kan lokaci abin ya ƙara dagulewa. Safe da la'asar da yamma duk in suke ɗauka, sai dare kaɗai aka ware aka ce "at night". Me dare ya yi musu? Safiyar ma da ke in ɗazu, Litinin na shigowa sai ta koma "on Monday morning". Ya ɗan samu sa'ida da aka ba shi doka mai kyau: shekara da wata in, rana on, sa'a at, wato Nijeriya ta samu 'yancin kai in 1960, in October, amma on 1st October. Yana cikin murna aka gaya masa mutanen Ingila "at the weekend" suke cewa, na Amurka "on the weekend". Da zai tsaya ya saurari bakinsa da ya huta, don shi ma "da safe" yake cewa, "da dare", amma "ran Litinin", kuma bai taɓa tambayar wa ya kori "da" daga Litinin ba.

Sai mai ɗauko zance daga Hausa ya sa masa rigar Turanci. "Ya yi fushi da ni" ta ba shi "angry with me", ya dace, sai ya ɗauka ya gano bakin zaren. Daga nan "ya yi aure da" ta zama "married with", alhali Bature married to yake cewa, with ɗin kuma ya tanade ta don ƙirga 'ya'ya: "married with three children". "Ya shiga cikin ɗaki" ta zama "entered into the room", bai san enter ba ta neman rakiya a ƙofar ɗaki ba, sai in yarjejeniya za a ƙulla.

Akwai mai kyauta, wanda ba ya iya ganin aikatau tsaye shi kaɗai bai miƙa masa wani abu ba: discuss about, comprise of, emphasise on, request for. Wannan na ƙarshe yana da ɗan uzuri, don in request suna ce for tana binta, "a request for leave", in aikatau ce kuma ba ta so. Ƙanensa marowaci ne. Shi ke rubuta "reply me", ya ɓoye to a aljihu, ya kuma ba da labarin "the doctor operated him", ya mayar da mara lafiya injin niƙa saboda ƙyashin on guda ɗaya.

Akawu daban yake. Shi kalma ɗaya raini ce. Inda about za ta wadatar sai ya jero with reference to, in respect of, sequel to, in view of, har takarda ta kai rabi ba a san ko hutu yake nema ko ƙarin girma ba. In ka je neman maigidansa ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Yallaɓai is not on seat." A Landan "not at his desk" za a ce, wato ba ya wurin aikinsa. Mu nan kujerar ce abin kulawa, kuma ban ga laifin Turancin da ya faɗi gaskiyar ƙasarsa ba.

Wanda ya koyi nasa a Sabon Gari ya fi kowa kwanciyar hankali. Burokin ya ba shi for, ita ce gida, ita ce kasuwa, ita ce Litinin, ita ce dare: for house, for market, for Monday, for night. Abin da Hausa ta yi da "a" shi ya yi, kuma kowa yana gane shi, sai dai masu duba takardun WAEC. Ɗan'uwanmu na Maraɗi da ya biyo ta Faransanci kuwa "depend of" yake cewa, ya kuma yi mamakin yadda wani zai dogara a kan abu.

Mai haɗiya ma yana nan. In ya iso wurin da bai tabbata ba sai ya yi ɗan gunaguni ya wuce: "See you mm Monday." Abin haushin, shi ya fi kama da Turawan, don su ma a magana ba sa furta of da to da for sosai, latse su suke yi har su kusa ɓacewa.

Yanzu ga mai jan biro. Yana da tsohon kwafin Common Mistakes in English na Fitikides, littafin da ya fara fitowa a 1936, da Brighter Grammar wanda bangonsa ya rabu da shi tun tuni. Facebook ce gonarsa. Mutum zai sanar da rasuwar mahaifinsa, jama'a na ta "Allah ya jiƙansa", shi kuwa ya shigo ya ce "died of" ake cewa ba "died from" ba, alhali Turawa duka biyun suke faɗa. Babbar dokarsa ita ce kada jimla ta ƙare da firifozishan, shi ya sa ba ya tambayar baƙo "Where are you from?" sai "From where do you come?", baƙon ya tsorata ya ɗauka ɗan sandan ciki ne. Dokar nan ba daga bakin talakawan Ingila ta fito ba. Marubuci John Dryden ne ya soki wani marubucin, Ben Jonson, a kanta a 1672, yana auna Turanci da ma'aunin Latin, harshen da ba ya yarda da hakan. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya taɓo zancen a nahawunsa na 1762, amma shi bai haramta ba, cewa ya yi gabatar da kalmar ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Almajirai ne suka fi malam zafi.

Wadda mai jan biro ya fi jin haushi ita ce Hajiyar da ba ta san doka ko ɗaya ba kuma ba ta kuskure. Rediyo ta saurara, littattafai ta karanta, kalmomin suka zauna mata bibbiyu: interested in, good at, depend on, accused of, listen to. In ya ce, "Hajiya, me ya sa good at?" sai ta ce, "Malam, haka ake cewa." Ba ta san cewa John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham sun zuba miliyoyin kalmomin jimlolin gaske a kwamfuta, suka fitar da ƙamus ɗin COBUILD a 1987, kuma abin da suka gano bai yi nisa da amsarta ba: kowace kalma tana da abokan tafiyarta, tare ake koyon su.

Saura ɗaya, wanda ya fi kowa sanin bambancin "on time" da "in time". Zai zaunar da kai ya bayyana maka cewa na farko isowa ne daidai lokacin da aka sa, na biyu isowa ne kafin abu ya wuce ka. Bai taɓa aikata ko ɗaya ba. An ɗaura aure, an raba goro, an naɗe tabarmi, ka kira shi, ya ce "I'm on my way", kana jin ƙarar ruwa yana zuba a bokiti.