Malam Mai Shakka, Zo Mu Yi Lissafi

Na san ka, Malam Mai Shakka. Da ka ji an ce mata baƙaƙe sun yaƙi bauta da mulkin mallaka da addu'a ko laya, sai ka taɓe baki ka ce, "Laya ba ta tare harsashi." Ranka ya daɗe, mun ji. Gyara zama tukuna.

A 1898 Turawan Ingila suka rataye Charwe a Salisbury, wato Harare ta yau. Laifin da suka ɗora mata kisan wani jami'insu ne, amma abin da ya hana su barci shi ne Shonawa sun yarda ruhun Nehanda ke magana ta bakinta, kuma in ta ce a tashi, ana tashi. Yvonne Vera ta mai da ita littafi a 1993. To, in surkulle ne kawai, me ya sa masu igwa suka sha wahalar neman igiya?

Ka ce can da nisa ne? Dawo gida. Sarauniyar Lugu, ta ƙasar Aznawa a Nijar, ta tare rundunar Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da sarakuna masu rawani suka zaɓi lallami. Faransawa sun shiga garin, gaskiya ne, kada ka ce na ɓoye. Sai dai bayan wata uku hafsoshin nan biyu sojojinsu ne suka bindige su. Kai za ka ce tawayen bariki ne. Abdoulaye Mamani, a littafinsa na 1980 a kan Sarauniyar, ya bar mai karatu da wasiwasi, ni ma ban ga dalilin raba ka da shi ba.

Wadda ta fi burge ni ko laya ba ta da ita. A cikin Beloved na Toni Morrison, tsohuwa Baby Suggs takan tara tsofaffin bayi a wani fili cikin daji a Ohayo, ta sa su dariya da rawa da kuka, ta hore su da su so jikinsu. Mutumin da aka yi cinikinsa kamar akuya, a ce masa hannunsa nasa ne? Ai an yi wa ubangidansa sata da rana tsaka.

Na ga kana murmushi, don ka tuna daga baya tsohuwar ta karaya, ta kwanta tana tunanin launuka har ta mutu. Haka ne. Ashe ka karanta littafin har ƙarshe, Malam, kai da ka ce tatsuniyar mata ce.