Mu da Baba Malam a kan maganar wasa

Mu dai mutanen layin nan halinmu ne, ba ma yabon mawaƙi sai ƙasa ta rufe idonsa. Leƙa kowace majalisa bayan sallar isha'i, daga ta teburin mai shayi har ta ƙofar gidan mai unguwa, za ka tarar an kunna Shata ko Ɗanƙwairo a waya, ana gyaɗa kai ana cewa an yi mazaje. Amma bari yaron wani gida ya ɗauko galan ya fara bugawa yana ɗora murya a kai, nan take za mu taso masa, wai ɗan wane zai zama maroƙi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin dakta tun 1988, muna alfahari da hakan, amma har gobe in makaɗi ya zo neman aure layinmu sai an koma ɗaki ana ƙus-ƙus a kan asali.

Wanda ke yawan faɗa mana wannan hali namu ido da ido shi ne Baba Malam, dattijon da zaurensa ke kallon masallaci. Ya haura tamanin. Tun yana saurayi yake rubuta waƙa, da ajami da boko, ƙwar biyu da ƙwar biyar, har da tahamisi. Ya ga zamanin ƙungiyoyin sha'irai a Kano, lokacin da Mudi Sipikin ke jan Hikima Kulob, Alhaji Aƙilu Aliyu kuma ke jan Hausa Fasaha, ana tsara waƙa a kai gidan rediyo a rera, washegari ka ji ta a bakin teloli da 'yan koli. Yanzu ido ya yi rauni, jikoki ne ke karanta masa abin da ya rubuta da hannunsa, in sun yi tuntuɓe a baiti ya ƙarasa musu da ka.

Baƙo in ya gan shi da carbi da farin gemu sai ya ɗauka shi ne zai fi kowa tsine wa kiɗa da wasa. Wata rana wani ɗalibin jami'a, ɗan maƙwabtanmu, ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Allah gafarta Malam, wane malami ne ya koya muku karin waƙa?" Ya yi murmushi ya ce, "Yayata ce, ɗana. Tana gaɗa da ƙawayenta a farin wata, ni ina gefe ina bin tafinsu da ƙafa. Da na girma aka karantar da ni aruli a zaure, sai na tarar abin da ake ba shi suna da Larabci ya daɗe a kunnena." Daga nan duk hirarsa ke tasowa. A ganinsa, waƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo da littafi duk a dandali ake haihuwarsu, kuma mu da kanmu muka rufe dandalin.

In ana maganar tashe kuwa, sai ya gyara zama. Ya ce wa ya taɓa koya wa yaran Hausawa wasan kwaikwayo? Azumi na kai kwana goma, yaro zai nemo auduga ya manna gemu, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya ari sandar kakansa, shi ke nan ya zama tsoho. Yarinya ta ɗaura zanen uwarta ta zama matar gida, ƙawarta ta sa hula ta zama miji, su shiga gida-gida suna nuna mana yadda muke rigima a kan cefane. Ba a bar marowaci ba, ba a bar mai maganin ƙarya ba, gwauro kuwa a Kano har sarauta gare shi, Nalako na bin sa da ganga. Manya na dariya suna miƙa hatsi ko 'yan kuɗi, amma kowa ya san da shi ake. Ya kan ƙara da wasan gauta, wanda matan fada ke yi, wata ta kwaikwayi sarki wasu su kwaikwayi hakimai, mai mulki na kallo yana ganin tafiyarsa da maganarsa a jikin wata. Ga 'yan kama, masu zama kamar malamai suna jan baƙi, alhali duk karatun a kan tuwo da miya yake. Al'ummar da ta iya yi wa kanta irin wannan dariya, in ji shi, lafiyarta ƙalau.

Sai ya bi da mu ta kan wasannin kwaikwayo na littafi. Wasanni shida da Rupert East ya fitar a 1936, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada wanda da yawanmu muka karanta a aji. Yana son tuna mana cewa Malam Aminu Kano, wanda hotonsa ke rataye a rabin shagunan layin nan, marubucin wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta, kuma da wasa ya fara caccakar zalunci da cuta. Mu ma da muka tasa a zamanin talabijin mun san daɗin abin. Gida ɗaya ke da akwati a layi, mu cika tsakar gidan har bakin rijiya don Samanja ko Ƙasimu Yero ko Karkuzu, washegari a makaranta kowa ya zama soja mai karyayyar Hausa.

To yau fa? Yaronmu ya tashi da asuba, boko, daga boko Islamiyya, daga Islamiyya lasin, da dare a miƙa masa waya don ya yi shiru. Filin da muke langa an yanka shi filoti, inda 'yan mata ke gaɗa an jera shaguna. Mun sa get, mun sa kwaɗo. Kada a ce ban faɗi gaskiya ba, tsoron da ya sa muka yi haka ba na banza ba ne. A 'yan shekarun nan har dakatar da tashe 'yan sanda suka sha yi a Kano saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna fito da makami suna ƙwacen waya, kuma babu uwar da za ta so ɗanta ya faɗa hannunsu. Baba Malam bai musa wannan ba. Abin da yake cewa shi ne, yaron da aka kayar a langa ya tashi ya kaɗe rigarsa, wanda aka cinye a dara ya sake gina gurbi, shi ne ke girma ya san ana faɗuwa a tashi ba tare da an zaro wuƙa ba. Ni na yarda da shi a nan ɗari bisa ɗari. Mun hana yara wurin koyon haƙuri, sannan muna mamakin zafin zuciyarsu.

Kan waƙoƙin zamani, ba fiyano ce ke damunsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne talaucin kalma. Ya ce Narambaɗa da kotso da 'yan amshinsa sai su gina wa mutum gida da magana, azanci kan azanci. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa ya waƙe karen mota da talaka da zaman aure, har mai kuɗi ya tsaya ya saurara. Barmani Choge da ƙwaryarta ta ce wa mata su tashi su kama sana'a, kuma sun ji. Yanzu kuwa yaro zai shiga situdiyo shi kaɗai, na'ura ta gyara masa murya, ya juya kalmomi 'yan kaɗan, zuciya da ƙauna da hawaye, har waƙa ta ƙare. Amma ko a nan ba ya ɗora wa yaran laifi duka. Ya ce wanda bai ji tatsuniya a bakin kaka ba, bai yi kacici-kacici ba, bai ji habaicin kishiyoyi a bakin turmi ba, a ina zai samo kalma? Kuma in jikarsa ta kunna masa wata da aka tsara da kyau, sai ka ga ya ɗaga yatsa ya ce a maimaita, wannan yaron ya san amsa-amo.

Wuri ɗaya ne muka saɓa da shi. Ya ƙi yarda a ɗora wa waƙoƙinsa kiɗa. A wurinsa rubutacciyar waƙa murya kawai take buƙata, kamar yadda almajirai makafi ke rera Imfiraji ta Aliyu Namangi ba ganga ba kalangu, kuma ta ratsa jiki. Ina girmama wannan ra'ayi, na kuma san tsohuwar iyaka ce tsakanin sha'iri da makaɗi. Sai dai ni a ganina matasan da suka haɗa tsararren baiti da kiɗa sun kai waƙa kunnuwan da takarda ba za ta taɓa kaiwa ba. Na faɗa masa haka, ya ce, "Ɗana, ku yi naku, ku bar mini nawa." Na bar masa, amma ban canza ra'ayi ba.

Littafi kuwa, kowa ya san mu, aro muke ba saye ba. Kwafi ɗaya na Magana Jari Ce sai ya zaga layi har bangonsa ya cire. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Balaraba Ramat Yakubu, majalisarmu ba irin zagin da ba ta yi musu ba. Baba Malam ne ya tsawatar. Ya ce mu ƙirga matan layin nan da suka dage suka iya karatun boko don kawai su san yadda labari zai ƙare, sannan mu zo mu yi magana. Aka yi tsit, don kowa akwai irinsu a gidansa. Shi kansa waƙoƙinsa ba a taɓa buga su ba. Suna nan cikin adaka a ƙuryar ɗakinsa, wasu takardun har gara ta fara taɓa gefensu, mu kuma kullum muna wucewa muna gaishe shi muna cewa Allah ya ƙara lafiya.

Saboda haka ga roƙona gare mu, 'yan layin nan da na sauran layuka. Azumi in ya zo, kada mu rufe ƙofa wa 'yan tashe. A samu manya biyu ko uku su riƙa raka yaran gida-gida a cikin layi, a tashi da wuri, a tanadi 'yan canjin da za a ba su. Filin da ya rage a bayan firamare a share shi, a ja masa ƙwan lantarki, iyaye mata su zauna a gefe 'yan mata su yi gaɗa. Ku kuma samari masu manyan wayoyi, Baba Malam na zaurensa kullum bayan la'asar. Ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku ɗauki muryarsa yana rera waƙoƙinsa, ku ɗauki hoton takardun nan tun ana iya karanta su.