Kai Ɗaya, Hula Biyu

Bahaushe bai taɓa rasa wurin ajiye hularsa ba, domin kai shi ne ma'ajinta. Da ita yake fita, da ita yake gaisuwa, da ita yake salla. In gumi ya dame shi ya tura ta ƙeya, in magana ta ɗaure masa ya cire ya sosa ya mayar. Rikici ya soma ne ranar da aka kawo masa hula ta biyu, aka ce ita ma kan nan dai za ta hau. Hular kwano ke nan. Muddin ana kan hanya girki nata ne, amma da an kashe babur an kafe shi a gindin bedi, sai uwargida, wato kube ko zanna, ta fito daga aljihu ta karɓi ɗakinta. Amarya kuwa a bar ta a hannu ana jujjuyawa, ana tunanin inda za a kai ta.

Na daɗe ina zura wa wannan lamari ido, musamman ranar Laraba a kasuwar Dutsin-Ma, inda babura ke kwararowa daga Tamawa da Birchi da Wurma da cikin garin Kurfi, su jeru kamar awaki a turke. Haka bakin Kwalejin Isa Kaita, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Na san wani zai ce masu hular kwano a yankinmu ai ba su taka kara sun karya ba. Gaskiya ne. Sai dai 'yan kaɗan ɗin nan sun isa a karanci halin ɗan Adam a jikinsu, har na ga ya dace a naɗa wa wasunsu sarauta.

Ga Sarkin Tawakkali. Yana sauka zai kifa hular a kan madubi, ya ɗan shafa ta kamar mai sallamar yaro, ya yi gaba ko waiwaye babu. In ka ce, “Malam, ba ka tsoron a ɗauke?” sai ya dube ka da tausayi ya ce, “Abin da ba rabonka ba, ko a aljihu yake sai ya fita.” Malamai sun sha gaya masa raƙumi ma ɗaure shi ake yi kafin a dogara, amma a ganinsa raƙumi daban, hula daban. Abin haushi kuma, yawanci yakan dawo ya iske ta, ba don gari ya rasa ɓarayi ba, sai don ɓarawon ma bai san wa zai sayar wa ba. Mai cin amanarsa rana ce. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙar hula ta wuni tana shan wuta, ya dawo da azahar ya kifa ta, sai ka ga dattijo ya zabura kamar wanda ya leƙa tanderu. Da hunturu ya iske ta da ƙurar da za ta isa yaɓe. Da damina, in ya yi kuskuren barin bakinta sama, ya tarar da ruwan alwala kyauta. Ƙadangare na leƙa ta, kunama ma ba ta ƙi inuwa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ya gani. Abin da ke ceton kai ba ɓawon nan mai ƙyalli ba ne, farin kumfan da ke ciki ne, irin wanda ake tare sabon talabijin da shi a kwali. Aikinsa shi ne ya murƙushe a madadin ƙoƙon kai, kuma sau ɗaya yake wannan aiki. Inda ya lotse ba ya sake tasowa. Bakin madubi kuwa kullum wuri ɗaya yake tokara. Ga fetur, wanda yaran unguwa ma sun san in aka jefa masa irin wannan kumfa narkewa yake ya zama danƙo. Saboda haka mai kifa hula a kan murfin tanki mai yoyo, shi ma ɗan gidan Sarkin Tawakkali ne.

Abokin gabarsa shi ne mai goyo. Wannan ko banɗaki zai shiga, da hular a hammata. Ya shiga ofis da ita, ya aza ta kan tebur ta tare fuskar mai neman sa hannu. A masallaci yakan cusa takalmansa ciki ya ajiye ta gabansa, ya tayar da salla, ido ɗaya a wurin sujada, ɗaya a kan kaya. An idar, ya zazzage takalman, ya kifa a kai abin da yanzun nan ya gama zama gidan silifa. Na taɓa ganin irinsa a zaman gaisuwar mutuwa, ya ajiye ta gefensa kan tabarma, baki sama. Wani tsoho da idonsa ya yi rauni ya zo wucewa, ya laluba aljihu ya jefa naira hamsin ciki, ya ce Allah ya jiƙan mamaci. Mai hula ya amsa da amin, kuma bai mayar ba. Da na yi masa magana daga baya, sai ya ce mayar wa dattijo sadakarsa ba ladabi ba ne.

Magajin Kwaɗo shi bai yarda da kowa ba, amma kuma ba ya son dako. Yana da sarƙa, yana da kwaɗon da ya kusa fin hular tsada, yana da tarin makullai a ƙugu kamar mai gadin sito. Zai ɗauki minti biyar yana durƙushe yana zura maɗaurin hular cikin sarƙa, ya ja, ya sake ja, ya tafi, ya dawo ya ƙara ja. Ya manta maɗauri zare ne, reza kuwa ba ta da tsada. Ɓarawo ya tafi da hula ba maɗauri, shi ya koma gida da maɗauri ba hula, an yi raba daidai ba wanda ya amfana, don hular da ba a ɗaure ta a haɓa ba tana riga mai ita isa ƙasa. Ranar da ɓarawo bai zo ba kuma, makulli ne ke ɓata. Sai ka gan shi a hanyar Kurfi, kai tsirara, iska na kaɗa masa kunne, hula na reto a gefen taya cikin cikakken tsaro.

Wani kuma ya kashe gardamar gaba ɗaya: ba ya cirewa. Da ita yake taya albasa, da ita yake bin layin cirar kuɗi, sai mai gadin banki ya tare shi a ƙofa sannan ya tuna yana da fuska. Na ji labarin wanda ya je gaida surukinsa, ya durƙusa a zaure da hular a kai, gilashi a sauke, ya ce, “Barka da yamma, Baba,” murya na fitowa kamar daga rijiya. Dattijo ya ɗan ranƙwafo, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya ce, “Wane ne a ciki?” A da abin dariya ne kawai. Yanzu kuwa, a ƙasar da babur da rufaffiyar fuska suka zama abin faɗuwar gaba, har ta kai a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum uku da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, wanda ya doshi majalisa da yamma bai buɗe fuska ba yana iya iske tabarma ba kowa, shayi na tururi.

Mai cefane bai ga abin damuwa ba sam. Shi ya sauka da hula, ya hau da kwando. Tumatir, attaruhu, daddawa, kifin madatsar Zobe a leda mai huji, duk ciki. Da damina har ƙwan zabi yake jerawa, ya rataya ta a hannun babur, ya bi ramukan hanya ya isa gida ko ɗaya bai fashe ba. Wannan ai babbar shaida ce cewa hular na aiki, kan ne kawai ba a ba shi dama ba. Washegari in ya kifa ta ya fito, kuliyoyin unguwa su raka shi har bakin titi.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai tsaron gwiwar hannu, kuma su ne suka fi yawa. Hular na rataye a damtse ko a kan fitila, tana shan iska, har sai ya hango rigar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. Nan take ta haye kai, bisa kube, tana lilo kamar faifai a bakin tulu. Da ya wuce su ta sauko. A wurinsa hular kwano ba maganin kwalta ba ce, laya ce ta maganin tara. Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Hukumar, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta sa hular a faɗin Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2009. Farashinta ya yi tashin gwauron zabi, sai 'yan acaɓa a Kano suka fito da ƙwarya ɗaure da igiya a kai, wasu da tukunya, wasu da robar fenti, har BBC ta kai labarin duniya. Wasu suka sayi hular magina, wadda aka yi don ɓaraguzan da ke faɗowa daga sama, ba don mutum ya faɗo daga babur ba. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa hular da ba su san kan da ta kwana ba, wasu don ƙwarƙwata da makero, wasu don jita-jitar ana asiri da ita. Tun daga lokacin aka ɗauki hular a matsayin abin nuna wa hukuma, kamar takardar babur.

Alhali kwalta ba ta san hukuma ba. Baturen nan Lawrence, da ya yi suna a yaƙin Larabawa da Turkawa, ya tsira daga harsashi a hamada, amma babur ya kashe shi a 1935 kusa da gidansa a Ingila, kai ba kariya. Hugh Cairns, ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, ya duƙufa kan binciken raunin kai, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta wajabta wa sojojinta masu hawa babur hular. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Ba ta ce komai ba game da gwiwar hannu. Mu da kakanninmu suka san kwalkwali, wanda har gobe 'yan lifida ke sawa a hawan salla a Katsina, bai kamata a ce sai an kafa mana shinge ba. Illa dai barde yana da yaron da zai riƙe masa in ya sauka daga doki, mai babur Boxer kuwa shi ne barde, shi ne zagi.

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna da yawa sun fito daga bayan rumbu, sun zo da nasu mutanen. Akwai ɗan boko mai hular keke ta ainihi, mara nauyi, mai huda-huda kamar madambaci. Yara na bin sa suna cewa, “Malam, hularka ta fashe.” Shi kam yana iya barinta a kan keke kwana uku, ba mai taɓawa, don ba wanda ya san sunanta, sai dai mai awara ta tambaya ko ta sayarwa ce. A gefensa ga dattijo kan tsohon Rali, rawani ya sha naɗi. Na ce, “Baba, kai ina taka hular kwanon?” Ya dafa kai ya ce, “Ɗana, ni da tawa muke hawa, da ita muke sauka.” Rawani ba ya aikin kumfa, na sani, amma ban ja da shi ba. A Indiya ma doka ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu rawani sa hular, Ingila ta yi haka tun 1976, kuma gudun Baba bai wuce na jaki mai kaya ba.

Ni dai bayan na ɗanɗana kusan kowanne daga cikin waɗannan halaye, na tsaya a kan ba da ajiya, kuma har yanzu ina ganin ita ta fi hankali. Akwai inuwa, akwai ido, ba sarƙa, ba dako. Mai shayi, mai faci, mai cajin waya, kowanne na da ƙusa a jikin rumfa. Ba a biyan ko sisi, sai dai kunya ba ta barinka ka karɓi kayanka ba ka sha ko rabin kofi ba, ta yadda in ka yi lissafi a ƙarshen shekara, ka sha kuɗin hula biyu a madara. Wani mai shayi da nake ajiyewa wurinsa ya fi shekara bai taɓa bari ko ƙuda ya sauka kanta ba.

Wata Laraba na gama cefane na dawo, na ga ƙusa ba kowa. Na ce, “Maigida, ina ajiyata?”

Ya ci gaba da fifita wuta, ya ce, “Tana nan lafiya, Malam. Ƙanena ne tafiya ta kama shi zuwa Katsina, an ce akwai jami'ai a hanya.”

Na ce, “To ni fa da me zan koma?”

Ya ɗago ya dube ni kamar na zarge shi da sata. “Haba Malam, amana ce fa. Shi ya sa ban ba bare ba. Zauna, in sa maka ƙwai ɗaya ko biyu? Ba zai wuce la'asar ba.”

Na zauna. Aka kira magariba ina kofi na uku.