Liyafar Dare a Kogin Isa

Liyafar dare a kan ruwa al'ada ce ta biranen bakin teku. Jirgi mai hawa biyu ko uku yakan tashi daga tasha dab da faɗuwar rana, ya yi ta kewaye inda ruwa ya kwanta har tsawon awa biyu ko uku, fasinjoji na cin abinci, makaɗa na aikinsu, masu ƙarfin hali na taka rawa. Abu uku ake biya wa kuɗi: kallon faɗuwar rana, da abinci, da kiɗa. Nijar ba ta da teku, tsakanin Yamai da tashar jiragen ruwa ta Kwatano kuwa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Sai dai rashin teku bai taɓa hana ɗan kasuwar Yamai buga talla ba, tunda ga kogi a ƙofar gida.

Kogin shi ne Isa, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, wato babban kogi, Hausawan Najeriya kuma su ce Kwara. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya yi baka ta wajen Tumbutu da Gao, sannan ya gangaro Nijar ta Ayoru da Tilaberi. A Yamai ya raba birnin gida biyu: ƙetare akwai Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, wannan gefen kuma akwai Filato, unguwar da Faransawa suka keɓe wa kansu a kan tudu bayan sun ɗauko hedikwatar mulki daga Damagaram a 1926. Har yau a nan fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu suke. Ma'aikacin Filato yana ganin kogin kullum, ko ta tagar ofis ko daga kan gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, amma yana iya yin shekara ashirin bai tsoma ko ɗan yatsa a ciki ba.

Sau biyu kogin ke cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, a watannin Agusta da Satumba, ruwan kuma ja ne saboda lakar da ƙoramu irin su Sirba da Dargol ke kwasowa daga gefen Burkina. Ta biyu ruwan Gini ne, wanda ke ɓata watanni yana yawo a fadamun Mali kafin ya iso wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ruwa ya fara ja da baya, zuwa Mayu da Yuni yashi ya fito fili. A 1985 har daina gudu ya yi gaba ɗaya a Yamai. Saboda haka mai niyyar shiga jirgi ya kamata ya duba kalanda kafin ya duba farashi. Liyafar da za a yi nazari a kanta a nan, a ƙarshen Maris aka yi ta.

Mai wannan rubutu, wanda daga nan za a riƙa ce masa fasinjan domin rufin asiri, mutumin Maraɗi ne da ke aiki a wata ma'aikata a Filato. Ruwa mafi girma da ya tashi ya sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda mafi yawan shekara ake ƙetare shi ba a ko naɗe wando ba. Abokin aikinsa ne ya kawo masa takardar talla: hoton farin jirgi mai fitilu, a ƙasa an jera kifi, shinkafa, salsa. Fasinjan mutum ne mai bincike, bai yi gaggawa ba. Ya duba a wayarsa, ya tarar salsa a harshen Sifaniyanci ma'anarta miya. Ya sayi tikiti biyu, jika goma sha biyar-biyar, ya koma gida ya shaida wa uwargida cewa ran Asabar kada ta ɗora tukunya, za su je cin shinkafa da wata miya ta ƙasar waje. Ranar ya ɓarje babbar rigar shadda da ta sha bugu, ya kafa hula, ya zura takalmin fatarsa na Sallah.

Abin da suka tarar a bakin ruwa dogon kwalekwale ne na katako, ɗan'uwan waɗanda ke sauke kabewa a gindin gada. An ɗaura masa inji a baya, an kafa rumfar tabarma, an jera kujerun roba, an rataya ƴan fitilu masu ƙyaftawa. Akwai ƙaramin janareto da lasifika da ta kusa kai tsawon yaro ɗan shekara goma. A tsakiya an cire kujeru huɗu an shimfiɗa katako. Wannan shi ne filin rawa, ko da yake fasinjan ya ɗauka wurin sallah ne, har ya yaba wa masu jirgin. Rigunan ceto uku ne ga mutum goma sha takwas, kuma matuƙin ya zauna a kan biyu.

Game da faɗuwar rana, a ƙarshen Maris wajen ƙarfe bakwai take faɗuwa a Yamai. Takarda ta ce tashi ƙarfe shida. Ƙarfe shida daidai yaron janareto ya ɗauki jarka ya tafi neman mai. Rana ta yi jawur a bayan Harobanda, ruwa ya koma kamar an zuba masa manja, jemagu suka taso daga itatuwan Filato suka cika sama. Abin ya yi kyau ƙwarai. Fasinjoji sun kalle shi daga gaɓa tare da masu wanki da yaran da suka kawo shanu shan ruwa, waɗanda ba su biya ko dala ba. Aka yi sallar magariba a kan yashi, jirgi ya tashi takwas saura kwata.

Kifin da ake alfahari da shi a wannan kogi shi ne giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kafiten: tsokarsa fara, ƙayarsa kaɗan, Sorkawa masunta kan kamo wanda ya fi ɗan akuya nauyi. Wanda aka rarraba a faranti karfasa ce, ita kuwa karfasa ba a cinta a duhu sai da addu'a. Fasinjan ya jira miya har shinkafa ta huce, sannan ya yafito yaron da ke rabo.

"Samari, ina salsar?"

"Yanzu za a sa, Alhaji," in ji yaro, ya nuna lasifika da leɓe.

Uwargida ta dubi mijinta, ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da cin shinkafarta gaya.

Salsa dai kiɗa ne da rawa. Tushensa wani kiɗan ƙasar Kuba da ake kira son, wanda ya haɗa garayar Sifaniyawa da gangunan bayin da aka kwasa daga Afirka. Sunan ya bazu ne daga birnin New York, inda kamfanin faifai na Fania, da aka kafa a 1964, ya tara makaɗan Kuba da Puerto Rico. A Afirka kuwa kiɗan ya riga sunan isowa. Tun 1933 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da faifan garmaho masu lamba GV, cike da kiɗan Kuba, daga Dakar har Kinshasa. Cikin na farko akwai El Manisero, waƙar da ba komai ba ce illa tallan mai gyaɗa, abin da ya kamata ya sa ɗan Maraɗi ya ji kamar a gida. Mutanen Afirka ta Yamma sun karɓi kiɗan kamar ɗan da ya daɗe a tafiya ya dawo. A shekarun 1960 Mali ta tura matasa Havana koyon kiɗa, suka kafa ƙungiyar Las Maravillas de Mali, cikinsu har da Boncana Maïga, mutumin Gao da ke bakin wannan kogi. A Dakar aka kafa Orchestra Baobab a 1970. A farkon shekarun 1990 Maïga da Ibrahima Sylla na Senegal suka haɗa Africando, inda daga baya Gnonnas Pedro na Benin ya shigo. Dattawan Yamai da yawa, masu furfura da casbi a yau, da wannan kiɗan suka yi samartaka, ko da yake ba kowa ke son a tuna masa a gaban jikoki ba.

Ƙashin bayan kiɗan ƴan sanduna biyu ne da ake bugawa sau biyar, uku sannan biyu. Rawar kuma a kan ƙirga takwas take: taku uku, a dakata, taku uku, a dakata. Namiji ya fara gaba da ƙafar hagu, mace ta ja baya da ta dama. A doron ƙasa wannan ba wuya. A cikin kwalekwale ma, muddin gaba da baya ake yi, jirgi ba ya ƙorafi. Matsalar tana cikin takun gefe, domin hagun namiji shi ne daman macen da ke fuskantarsa, wato su biyun gefe ɗaya za su nufa a lokaci ɗaya.

Malamin rawar, wani siririn saurayi mai matsattsen wando, shi ya jawo fasinjan tsakiyar fili, wai babban baƙo ne zai buɗe taro. Ya shiga ƙirga da Faransanci, an, de, turwa, fasinjan na binsa a baya da taku ɗaya kamar mai bin bashi.

"Baba, ƙugu! A saki ƙugu!"

"Yaro, wannan ƙugun shekara hamsin da biyu yana ɗaure, ba yau za a kwance shi ba."

Babbar riga ba a ɗinka ta domin salsa ba. Juyin farko, hannun rigar ya share murfin tukunya zuwa cikin kogi. Juyi na biyu, ya naɗo igiyar fitilu. Rawar da ta dace da wannan riga da wannan jirgi ita ce takamba ta mutanen Gao, wadda ana iya yinta a zaune, hannuwa kawai ke lilo a hankali. Da masu shirya liyafa za su ji shawara, da ita za su sa a takarda. Uwargida ta ce, "Malam, zo ka zauna ka rufa mana asiri." Da ya zauna sai ta miƙe, ta gyara gyale, ta kama takun daidai ba kuskure ko ɗaya. Ashe mahaifinta, Allah ya jiƙansa, yana da kaset-kaset cike da kwali. Shekara goma sha tara da aure, fasinjan bai taɓa jin wannan labari ba.

Ganin haka sai sauran mutane suka zubo fili, malami ya ba da umarnin takun gefe. Jirgi ya karkata hagu, ya karkata dama, matuƙi ya saki inji ya miƙe yana zuba Zabarmanci da hannu biyu. Ana cikin haka aka ji gurrr a ƙarƙashin ƙafa. Kujeru suka zame gaba, janareto ya tuntsure ya mutu, fitilu suka ɗauke. Jirgi ya hau tudun yashi a tsakiyar kogi, ga fitilun Filato can suna ƙyalli kamar a miƙa hannu a taɓa.

Hanyar fitar da jirgi daga yashi ɗaya ce tun zamanin kakanni: a rage masa nauyi, a tura. Matuƙi ya ce maza su sauka, ruwan iyakarsa gwiwa. Fasinjan ya yi shawara da zuciyarsa, ya ga bai dace a bar takalmin Sallah cikin duhu a tsakanin baƙin fuska ba, sai ya sauka da abinsa a ƙafa. Ya tattare riga ya ɗora a kafaɗa. Gwiwar da matuƙi ke nufi ashe tasa ce, shi kuwa dogo ne. Aka yi ta turawa, malamin rawa na ƙirga musu an, de, turwa, wanda shi ne amfani na farko da ƙirgar ta yi a daren.

A nan ne dorina ke shigowa cikin bayani. Dorina na zaune a wannan kogi, musamman wajen Bubon da Ayoru, takan kuma leƙo kusa da birni. Babba takan wuce tan ɗaya da rabi, ta sha kifar da kwalekwale har da asarar rayuka, don haka ba a wasa da sunanta a bakin ruwa. Farautarta da Sorkawa ke yi da mashi ita Jean Rouch ya ɗauka a fim a farkon shekarun 1950. Da Zabarmanci sunanta banga. Fasinjan bai san wannan kalma ba sai a daren, kuma bai nemi tafinta ba. An ji wani gurnani daga bayan jirgi, wani ya ƙwala ihu, "Banga!" Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Maza takwas suka banki jirgin a tare, ya sulale daga yashi, kowa ya yi tsalle ya faɗa ciki. Waɗanda suka gani sun tabbatar cewa fasinjan ya yi taku uku, ya dakata domin laka ta riƙe masa ƙafar hagu, ya fizge, ya ƙara uku, ya faɗo a kan lasifika.

"Yauwa Baba, ita ke nan!" in ji malamin rawa, yana tafi.

Gurnanin na janareto ne. Yaron ne ke jan igiya yana neman tayar da shi.

An iso gaɓa sha ɗaya saura. Mai taksi na farko ya haska fasinjan da fitila, ya ga ruwa na ɗiga daga shadda, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya ja motarsa. Na biyu ya yarda bisa sharaɗin a shimfiɗa leda a kujera. Ran Litinin an kai ƙorafi ga mai shirya liyafar, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin ragin jika biyu a tafiya ta gaba. Uwargida ta karɓi tayin.

Takalmin hagu, in laka ta sake shi, hanyarsa sananniya ce: ya wuce Kolo da Say, ya bi iyakar Benin zuwa Gaya, ya shiga Najeriya ta jihar Kebbi, ya gaida Yawuri, ya tsaya a madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Na dama yana nan a ƙarƙashin gado a Yamai, an goge shi an sa masa mai.